Lokacin da CIA Ta Kutsa Kwamfutocin Masu Bincikenta

A ranar 15 ga Janairun 2014, shugaban hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, John Brennan, ya nemi ganawar gaggawa da sanatoci biyu masu jagorantar kwamitin Majalisar Dattawa da ke sa ido a kan hukumomin leƙen asiri. Ɗaya ita ce shugabar kwamitin, Dianne Feinstein ta jam'iyyar Dimokurat, ɗayan kuma mataimakinta, Saxby Chambliss na Rifablikan. Da zamansu sai Brennan ya shaida musu cewa ma'aikatansa sun shiga kwamfutocin da ma'aikatan kwamitin ke aiki da su, sun duba abin da ke ciki. Kuma ba haƙuri ya zo bayarwa ba, ƙara ya kawo: wai ma'aikatan majalisa sun mallaki wata takarda da ba a yarje musu su gani ba.

Waɗannan kwamfutoci kuwa su ne majalisa ta shafe shekaru tana binciken CIA ɗin da su, a kan zargin gana wa fursunoni azaba a gidajen yari na ɓoye.

Kwamitin nan abin kunya ne ya haife shi tun asali. A 1975, wani kwamitin wucin gadi ƙarƙashin Sanata Frank Church ya tono cewa CIA ta ƙulla makircin sa wa Patrice Lumumba na Kwango guba, ta yi yunƙurin hallaka Fidel Castro na Kuba ba sau ɗaya ba, ta kuma daɗe tana buɗe wasiƙun Amurkawa a asirce. Ganin haka Majalisar Dattawa ta kafa kwamiti na dindindin a 1976, ta Wakilai ta kafa nata a 1977. Sharaɗin shi ne: hukuma za ta faɗa wa 'yan majalisa kaɗan duk abin da take yi, su kuma su riƙe sirri, su tsawata idan an kauce hanya. Amma akwai rauni a gindin tsarin. Sanata ba ya zuwa inda ake aikin, ba ya riƙe da fayil, ba shi da 'yan rahotonsa na kansa. Abin da aka gaya masa shi ya sani.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka ga iyakar wannan rauni. Kwana shida da harin, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a wata takardar sirri da ta ba CIA ikon kama mutane da tsare su. A watan Maris na 2002 aka kama wani Bafalasɗine mai suna Abu Zubaydah a garin Faisalabad na Pakistan, aka kai shi wani kurkukun ɓoye a Tailan. A kansa aka fara gwada abin da hukumar ta yi wa laƙabi da ingantattun dabarun tambaya. Aka buɗe wasu gidajen a Afganistan da Polan da Romaniya da Lituweniya. Shugaban kwamiti da mataimakinsa kaɗai ake ɗan tsakura wa labari, su ma ba su da damar faɗa wa abokan aikinsu. Sauran 'yan kwamitin ba a yi musu bayani ba sai ranar 6 ga Satumban 2006, sa'o'i kaɗan kafin Bush ya fito ya faɗa wa duniya. Shekara huɗu ke nan ana aikin, yawancin masu sa ido ba su san da shi ba.

Akwai kuma abin da ko a ranar ba a gaya musu ba. An ɗauki tambayoyin da aka yi wa Abu Zubaydah da wani fursuna, Abd al-Rahim al-Nashiri, a bidiyo, kaset 92, aka adana su a ofishin CIA da ke Tailan. Tun a 2003 'yar majalisar wakilai Jane Harman ta rubuta wa hukumar cewa kada a lalata su. Duk da haka, a watan Nuwamban 2005, kwanaki kaɗan bayan jaridar Washington Post ta fallasa batun gidajen yarin ɓoye, shugaban sashen ayyukan asiri Jose Rodriguez ya ba da umarni aka niƙe kaset ɗin ƙurmus. Wani saƙon cikin gida ya ruwaito dalilinsa: duk surutun da za a sha a kan lalata su bai kai wanda za a sha ba idan jama'a suka ga abin da ke ciki. Sai a Disamban 2007 maganar ta fito, lokacin da jaridar New York Times ta samo ta.

Sanatoci suka fusata. Don ya kwantar da su, shugaban CIA na lokacin, Michael Hayden, ya ce ai ba a yi asarar komai ba, tunda duk abin da ke cikin bidiyon an rubuta shi a saƙonnin da jami'ai suka riƙa aikowa hedikwata. Ya ce kwamiti ya turo mutanensa su karanta. Aka tura ma'aikata biyu, ɗayansu Daniel Jones, wanda ya taɓa aiki da hukumar FBI. Abin da suka karanto ya sha bamban da abin da aka daɗe ana faɗa wa majalisa. A ranar 5 ga Maris ɗin 2009 kwamitin ya kaɗa ƙuri'a, 14 da 1, cewa a binciki shirin baki ɗaya.

A nan aka yi abin da ya jawo duk rigimar da ta biyo baya. Kwamiti ya so a kawo takardun ofishinsa, kamar yadda aka saba. Sabon shugaban CIA, Leon Panetta, ya ce a'a, su je wani gini da hukumar ta tanada a arewacin jihar Bajiniya. Can aka ba su ɗaki marar taga da kwamfutoci na musamman, bisa alkawarin cewa babu ma'aikacin CIA da zai taɓa ɓangaren majalisa sai masu gyaran na'ura. Feinstein ta amince. Ginin na CIA ne, na'urorin nata ne, 'yan kwangilarta ne ke tace kowace takarda kafin ta iso. A ganina tun daga ranar aka ba kura ajiyar nama.

Aka jibge musu shafi sama da miliyan shida, ba jadawali ba tsari, sai da suka roƙi a sa musu manhajar neman kalma. Kafin shekarar 2009 ta ƙare 'yan Rifablikan suka janye daga aikin, bayan Ministan Shari'a Eric Holder ya ba mai gabatar da ƙara John Durham izinin duba ko an aikata laifi; hujjarsu ita ce babu jami'in da zai yarda ya yi magana alhali ana iya gurfanar da shi. Haka kuwa aka yi, ba a yi hira da jami'an ba. Sai ma'aikatan suka dogara ga abin da CIA ta rubuta da hannunta: saƙonni, imel, bayanan likitoci, hirar jami'ai a tsakaninsu.

Ga kaɗan daga abin da ke ciki. A watan Agustan 2002 an ɗaure Abu Zubaydah a kan allo, kansa a ƙasa, an rufe masa fuska da ƙyalle ana kwarara ruwa har ya ji yana nutsewa. An yi masa haka sau 83. A wani karo ya daina motsi kwata-kwata, kumfa na fitowa daga bakinsa da ya cika da ruwa. Ya yi jimillar awa 266 a cikin akwati mai kamar makara, da awa 29 a wani ƙarami da ba a iya miƙe ƙafa a ciki. Wasu daga cikin ma'aikatan da ke wurin sun kasa jurewa, har da masu zubar da hawaye. Kafin ma a fara, masu tambayar sun nemi hedikwata ta ba su tabbacin cewa mutumin ba zai sake magana da kowa ba har ƙarshen rayuwarsa, kuma an tsara cewa idan ya mutu a hannunsu ƙona gawar za a yi. A Afganistan kuwa, a watan Nuwamban 2002, an bar wani mai suna Gul Rahman ɗaure da sarƙa a kan siminti, ba komai a jikinsa daga ƙugu zuwa ƙasa, cikin tsananin sanyi. Da safe aka tarar ya rasu. Jami'in da ke kula da gidan ba a hukunta shi ba. Bayan wata huɗu ma aka ba da shawarar a ba shi kyautar dala 2,500 don ƙwazon aiki.

Ana cikin wannan karatu, a 2010, sai ma'aikatan suka lura takardun da suka gani jiya yau babu su. Kusan 870 suka ɓace a watan Fabrairu, wasu kamar 50 a watan Mayu. Da aka tambaya, CIA ta fara da musu, sannan ta ɗora laifin a kan masu gyaran na'ura, sannan ta ce umarni ne daga fadar shugaban ƙasa. Fadar ta ce ba ta san zancen ba. Daga ƙarshe hukumar ta ba da haƙuri, ta yi alkawarin ba za a kuma ba.

A cikin shekarar ne kuma suka ci karo da wasu takardu na daban. Ashe Panetta ya sa wasu ma'aikatansa su riƙa karanta duk abin da ake miƙa wa majalisa suna taƙaita masa. Waɗannan mutane na cikin gida, da suka karanta, sai suka rubuta kusan abin da ma'aikatan majalisa ke ganowa: an yi ta'asa, kuma an zuzuta amfanin da aka ce azabar ta yi. Daga baya aka riƙa kiran takardun da bitar Panetta. Ma'aikatan ba su ɗauke su wani abin a zo a gani ba a lokacin, suka adana kwafe suka ci gaba da aiki.

Darajarsu ta fito ne bayan shekara uku. A ranar 13 ga Disamban 2012 kwamiti ya amince da rahoto mai shafi sama da 6,000, da ƙuri'a 9 da 6, ya aika wa CIA ta yi martani. Martanin ya iso a watan Yunin 2013 daga hannun Brennan, kuma ya musanta manyan abubuwan da rahoton ya ƙunsa, musamman batun cewa azabar ba ta samar da bayanan da suka ceci rayuka ba. Sai ga shi hukuma ɗaya tana da baki biyu, wanda take magana da majalisa da shi, da wanda ta yi wa kanta magana da shi a ɗaka. Ma'aikatan suka tuna da kaset 92, suka tuna da takardun da suka ɓace a 2010. Suka buga wani ɓangare na bitar, suka goge sunayen jami'ai kamar yadda ƙa'ida ta tanada, suka kai shi ɗakin sirri na kwamiti a ginin Hart da ke harabar majalisa, suka kulle a sef. CIA ta ce sun saɓa yarjejeniya, domin takardar daftari ce ta shawarar cikin gida, ba ta cikin abin da aka amince a ba su. Ko da an karɓi wannan hujja, ban ga yadda mai hankali zai bar shaida irin wannan a hannun wanda aka san ya taɓa lalata shaida ba.

Ranar 17 ga Disamban 2013, Sanata Mark Udall ya ambaci bitar a zaman kwamiti na bainar jama'a. Nan hankalin lauyoyin CIA ya tashi: ta ina suka same ta? Maimakon su tambayi shugabar kwamiti, sai suka sa masu kula da na'ura su leƙa. Aka ƙirƙiri wani asusu mai kama da na ma'aikacin majalisa, aka gwada manhajar neman kalmar, sai aka ga takardun suna fitowa ba tare da wani kutse ba. Manhajar da hukumar ta kafa da kanta ita ta bar ƙofa a buɗe. Duk da haka aka ci gaba, har aka kai ga karanta wasu imel na ma'aikatan majalisa.

Abu mafi muni bai zo ba tukuna. Muƙaddashin babban lauyan hukumar, Robert Eatinger, ya rubuta wa Ma'aikatar Shari'a cewa ana zargin ma'aikatan majalisa da aikata laifi. Wannan lauya shi ne ya yi shekaru yana ba sashen da ke gudanar da tsare fursunonin shawara, kuma sunansa ya fito a rahoton kwamiti fiye da sau 1,600. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Mutanen da suka ƙarar da shekarunsu a ɗaki marar taga suna karanta yadda aka azabtar da bayin Allah, sai ga su suna neman lauyoyin da za su kare su daga ɗauri.

Feinstein ta fara bin hanyar sirri. Ta rubuta wa Brennan wasiƙa biyu a watan Janairu, ta nemi bayani da ban haƙuri, ba ta samu ko ɗaya ba. Ita kuwa ba a taɓa saninta da adawa da hukumomin leƙen asiri ba. A 2013, lokacin da Edward Snowden ya fallasa yadda ake tattara bayanan wayoyin jama'a, tana sahun gaba wajen kare gwamnati. Shi ya sa abin da ta yi ranar 11 ga Maris ɗin 2014 ya girgiza Washinton. Tana da shekara 80, ta miƙe a zauren Majalisar Dattawa ta yi kusan minti arba'in tana zayyana labarin daki-daki, da ranaku da alƙaluma. Ta ce tana da babbar fargabar cewa CIA ta keta rabon iko da tsarin mulki ya shimfiɗa, kuma tana kallon ƙarar da aka kai ma'aikatanta a matsayin yunƙurin tsorata su.

Sa'o'i kaɗan bayan haka Brennan ya bayyana a wani taro a birnin. Aka tambaye shi ko hukumarsa ta yi kutse a kwamfutocin majalisa, ya ce babu ƙamshin gaskiya a zancen, ba za su taɓa yin haka ba, abu ne da hankali ba zai ɗauka ba. Bai cika wata biyar ba sai da ya lashe amansa. A ƙarshen Yuli, babban mai binciken cikin gida na CIA, David Buckley, ya gano cewa ma'aikata biyar, lauyoyi biyu da masu kula da na'ura uku, sun shiga ɓangaren majalisa ba bisa ƙa'ida ba, kuma ƙarar da aka kai Ma'aikatar Shari'a an gina ta ne a kan bayanan da ba daidai ba. Brennan ya je ya ba Feinstein da Chambliss haƙuri. Ma'aikatar Shari'a ta riga ta ce ba za ta tuhumi kowane ɓangare ba. Wani kwamitin ladabtarwa da Brennan ya kafa ƙarƙashin tsohon sanata Evan Bayh ya yanke a Janairun 2015 cewa mutanen biyar sun yi abin da suka yi da kyakkyawar niyya, babu wanda za a hukunta.

Saura fitar da rahoton. Tun a watan Afrilun 2014 kwamiti ya amince, 11 da 3, a bayyana taƙaitaccensa, amma wa ke da ikon cewa wannan layin sirri ne wancan ba sirri ba? Ɓangaren zartarwa, kuma CIA ce kan gaba. Aka yi watanni ana ja-in-ja da fadar Shugaba Barack Obama, wanda ya soke shirin a 2009 kuma ya amsa da bakinsa a watan Agustan 2014 cewa Amurka ta azabtar da mutane, amma mutanensa suka dage a goge har sunayen boge da aka sa wa jami'ai. Ƙasashen da suka ba da masauki aka sakaya su da launuka: Tailan kore, Polan shuɗi. A watan Nuwamba 'yan Rifablikan suka ci zaɓen majalisa, Udall ya faɗi, Feinstein ta san kujerarta ta shugabancin kwamiti ta kusa suɓucewa. Sakataren harkokin waje John Kerry ya kira ta ya nemi ta sake tunani a kan lokacin. Ta ƙi. Ranar 9 ga Disamban 2014 aka fitar da shafi 525 daga cikin sama da 6,700.

Mutum 119 aka tsare, aƙalla 39 aka gana wa azaba, aƙalla 26 kuma bisa ma'aunin CIA ɗin kanta bai kamata a tsare su ba tun farko. An hana wasu barci har awa 180. Kamfanin masana halayyar ɗan Adam biyu da suka tsara dabarun, James Mitchell da Bruce Jessen, ya karɓi dala miliyan 81. Amma ga wanda ya damu da aikin majalisa, wurin da ya fi ciwo shi ne ƙarshen rahoton, inda aka jera shaidar da Hayden ya ba kwamiti a watan Afrilun 2007 a gefe ɗaya, abin da takardun hukumarsa suka ce a ɗaya gefen, shafi bayan shafi, ba su haɗu ba. Akwai ma saƙon wani jami'i da ya sanar da Hayden cewa fursunonin sun haura ɗari, ba ƙasa da ɗari ba kamar yadda aka daɗe ana faɗa wa majalisa. Jami'in ya rubuta cewa umarnin da ya samu shi ne ya bar adadin a 98, ya zaɓi duk ranar da za ta sa lissafin ya tsaya a haka.

Tsofaffin shugabannin CIA, George Tenet da Porter Goss da Hayden, sun yi tir da rahoton, suka ce na siyasa ne, an ƙi jin ta bakinsu, kuma shirin ya ceci rayuka. Yawancin 'yan Rifablikan na kwamiti suka fitar da nasu ra'ayin na daban. Sanata John McCain, ɗan jam'iyyarsu wanda shi kansa ya sha azaba yana fursunan yaƙi a Biyetnam, ya miƙe ya goyi bayan Feinstein. A 2015 su biyun suka gabatar da gyaran doka da ya taƙaita tambayar fursuna ga abin da ke cikin littafin ƙa'idar soja, ya wuce da ƙuri'a 78 da 21.

Cikakken rahoton kuwa bai fito ba. Sabon shugaban kwamiti, Richard Burr, da hawansa ya nemi ma'aikatun gwamnati su dawo da kwafen da aka aika musu. Ofishin mai binciken cikin gida na CIA ya ce ya lalata nasa bisa kuskure. Kafin ya sauka, Obama ya sa kwafe ɗaya cikin takardunsa na mulki, a rufe har shekara 12. Durham ya rufe bincikensa tun 2012 ba tare da tuhumar kowa ba. Jami'in CIA ɗaya da ya shiga kurkuku a kan wani abu da ya shafi wannan shiri shi ne John Kiriakou, wanda aka ɗaure wata 30 saboda ya ba ɗan jarida sunan wani jami'in asiri.

A 2018 Shugaba Donald Trump ya zaɓi Gina Haspel ta shugabanci CIA. Ita ce ta riƙe gidan yarin Tailan a ƙarshen 2002, lokacin da aka yi wa al-Nashiri azabar ruwa, kuma ita ta rubuta daftarin saƙon da Rodriguez ya aika aka lalata kaset ɗin. Gaban wannan kwamiti aka kawo ta don tantancewa. Sanatoci suka nemi a bayyana wa jama'a tarihin aikinta, sai ya zamana, da yake tana riƙon ƙwaryar hukumar, ofishinta ne ke da ta cewa a kan abin da za a saki da abin da za a rufe. Ta yi alkawarin ba za ta farfaɗo da shirin ba. Feinstein ta ƙi ba ta ƙuri'a, McCain ya aiko da saƙon adawa daga gadon jinya. Kwamitin ya amince da ita da ƙuri'a 10 da 5, kashegari Majalisar Dattawa ta tabbatar da ita, 54 da 45.